Notin Da Na Ɗaure A Ƙarƙashin Totur

Ku ajiye wayoyin nan tukuna. Na gani, ba sai kun ƙara tura min ita a fuska ba: motoci biyu sun jeru, an ɗaga tuta, sun tashi da hayaƙi, kafin ka haɗiye yawu an gama. Shi ne kuka kwaso jiki kuka zo garejin Garba a Gummi, wai in ƙara wa taku wuta kafin bikin abokinku. "Ai ba wani aiki ba ne, Baba, salansa ce kawai za ka buɗe." Salansa! In ƙara kuke so, ga mai walda can, ya huda muku ita, ku hana unguwa jin kiran salla. Mota tana iya cika gari da ihu, jaki ya riga ta zuwa kasuwa. Ku ja benci ku zauna. Ban ce zan yi ba, ban kuma ce ba zan yi ba. Akwai labarin wata mota da za ku fara ji, in kun ji kuna nan a kan bakanku, sai mu yi magana.

Aikin farko da aka yarda na taɓa da hannuna birkin wata tsohuwar tasi ce, a Gusau, a garejin maigidana Malam Nomau, Allah ya jiƙansa. Shekara biyu cur na yi a wurinsa bai bar ni na buɗe murfin inji ba. In na leƙa, sai ya ce, "Mi kaka nema nan? Koma ƙasa." Ƙasa ita ce taya da takalmin birki da man birki. Ranar da na gama tasin nan ina ta washe baki, sai ya ce in shiga mu tafi. Muka fita bayan gari, ya ajiye dutse a gefen hanya, ya koma baya ya taho da gudu, daidai dutsen ya take birki. Da motar ta tsaya ya ce in sauka in koma wurin dutsen, in tako da ƙafata har zuwa hancin motar, ina ƙirgawa. Na ce taku sittin da biyu. Ya ce, "Sun yi yawa da goma. Koma ka kwance." Sau uku na kwance birkin nan a yini ɗaya, ina yi ina ƙunƙuni a ciki.

Tun daga ranar ban taɓa sakin mota ba sai na taka ta da ƙafa. Ba ni da na'urar da kuke gani a waya. Kayan aikina ga su nan a akwati, ba su canza sosai ba. Wannan doguwar sukundireba, in na dafa bakinta a jikin inji na kanga ƙotar a kunnena, ina jin abin da fistin ke ciki tun kafin a kwance. Fulogi kuwa launinsa nake karantawa: in bakinsa ya yi kalar soyayyar gyaɗa, lafiya lau, in ya yi baƙi mai ya yi yawa, in ya yi fari fat to inji na cin kansa. Ga sifana mai lamba goma sha uku da Malam Nomau ya ba ni ranar da ya sallame ni, duk ta suɗe. Sauran awon duk ƙafata ce.

Shekarun da zinariya ta buɗe a ƙasar Anka da Bukkuyum ne motocin tsere suka shigo mana. Ku lokacin kuna ƙanana. Yaron da ka sani jiya da jaki, yau sai ka gan shi da mota 'yar Kwatano mai ƙofa biyu, cikinta na shafar ƙasa, a garin da rabin hanyoyinsa ba kwalta. Da ma akwai wasan mota a biki, abokan ango su yi ta juyi a fili suna ta da ƙura. Sai abin ya girma ya koma tsere: mota biyu su jeru, a miƙe, wanda ya riga kai wa ƙarshe shi ne namiji. Kuma ba sunan direba kaɗai ake kira ba, har da na garinsu da na bakanikensa. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi min daɗi. Shekara ashirin ina gyaran motocin da ke ɗaukar buhuna, sai ga aikin da ake tambayar wa ya yi shi.

Motar da nake son ba ku labarinta baƙa ce, 'yar Jamus, silinda shida. Mai ita zan kira shi Lawali, tunda ɗan fari ne, kuma Lawali sun yi yawa a ƙasar nan, ba wanda zai gane wanne. Mutumin Tungar Daji ne, yana sayen zinariya a Anka, shekarunsa ba su kai talatin ba. Yaro ne mai fara'a da sakin hannu, amma in ya kafe a kan abu sai dai ka gaji ka bari. Wani ɗan Bukkuyum ya taɓa wuce shi a tsere a gaban jama'a, aka yi ta yi masa dariya har a wurin masu shayi. Aka sa ranar ramuwa a bikin wani abokinsu, bayan kaka. Ya kawo min motar ya ce, "Baba Garba, wata biyu gare ka. In ba ta wuce ta Bukkuyum ba, kada ka maido min ita."

Wata biyun nan ban karɓi wani babban aiki ba. Na sauke kan inji na kai Gusau aka rage shi kaɗan, don matsi ya ƙaru. Hanyoyin da iska ke bi ta shiga silinda na zauna na goge su da hannu, ɗaya bayan ɗaya, kwana tara, har sai da yatsa ke zamewa a ciki kamar cikin sabuwar tasa. Na sa wa fistin sabbin zobba, na canza kuloci da mai ƙarfi, don na da ba zai ɗauki tashin farko ba. Salansa na faɗaɗa ta, amma daidai abin da injin ke iya fitarwa, ba don kunnen 'yan mata ba. Na cire kujerar baya da safaya da duk wani ƙarfen da ba ya aiki. Fetur ma ban yarda da na galan ba sai na tace shi sau biyu da ƙyalle. Taimin kaɗai, wato saita lokacin da fulogi ke ba da wuta, ya ci min kwana uku, ina matsawa kaɗan, in fita in dawo in karanta fulogi. Shi ne aikin da kuke cewa ba wani aiki ba ne.

Birki kuwa tun kafin in taɓa inji na gama da shi: sabbin takalma gaba da baya, sabon mai, sabbin tayoyi huɗu. Ranar da na fita gwaji da hantsi, wallahi sai da na ji tsoron abin da hannuna ya yi. Na taka totur, kujera ta tokare min baya, itatuwa suka haɗe. Na yi gudun da za a yi ranar tsere, na take birki daidai dutsen da na ajiye, na sauka na taka. Taku ɗari biyu da huɗu. Na sake, ɗari biyu da ɗaya. Birkin ba shi da laifi, iyakar abin da taya za ta iya ke nan a wannan gudun.

Daga nan na wuce wurin da ake tseren. Wani miƙaƙƙen yanki ne a kan titin da ya tashi daga Gummi ya nufi Anka, shi kaɗai ne ba rami a lokacin. Ana tashi daga gindin wata tsamiya, a ƙare a kan kwalbati. Abin da ba wanda ya taɓa aunawa shi ne bayan kwalbatin. Na taka daga kwalbati zuwa inda hanya ta karya kwana: taku ɗari da hamsin. A kan kwanar akwai 'yar tunga, kuma kun san halin mutanenmu da kaka, gefen kwalta shi ne wurin shanyar kowa. Na tarar da mata uku sun baje shinkafa a bakin titi suna motsa ta da ƙafa, ɗaya da goyo. Motocin da aka saba tsere da su suna tsayawa kafin wurin. Wadda na gina da hannuna tana neman ɗari biyu, hanya ta ba ta ɗari da hamsin. Na tsaya a rana na sake takawa, ko na yi kuskure. Ban yi ba.

Da Lawali ya zo na faɗa masa komai. Na ce a jawo ƙarshen tseren baya da taku sittin, ko a nemi wani wuri. Ya yi dariya har da dafa mota.

"Baba, tun da anka fara tsere a kwalbatin ga aka ƙarewa. In na ce a rage, mutanen Bukkuyum su ce na ji tsoro."

"To bari in rage mata ƙarfi kaɗan."

"Ƙarfin na kawo ta ka ƙara. Matan kuwa a kore su ranar, shi ke nan."

"Kwanar fa, wa zai kore ta? Kai Lawali, ka tuna kana da iyali. Ka tuna da Inna."

Sai ya taɓe baki. "Inna? Ko kallon motar ga ba ta taɓa yi ba. Tun da anka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In na tahi in na dawo, duk ɗaya ne gare ta."

Raina ya ɓaci, na ce masa sakarai. Ya ce ya ji, ranar Alhamis zai zo ɗaukar motarsa. Na yi tunanin in ce ba zan ba shi ba, to motarsa ce, kuma in ya fita da ita daga hannuna wurin wanda bai taɓa taka hanya da ƙafa ba za ta faɗa.

Ranar Talata da hantsi ina cikin rami ina duba ƙasan motar, sai na ji sallamar mace. Mata ba su cika shigowa gareji ba, balle dattijuwa. Na fito na tarar da wata tsohuwa 'yar siririya da lulluɓi, ƙafafunta duk jar ƙasa, ta tsaya nesa da motar kamar mai gudun kada ta cije ta. Muka gaisa. Ta ce daga Tungar Daji take, ta ce wa mutanen gida za ta dubiya asibiti. Ban tambayi ko ita wace ce ba, goshinta irin na Lawali ne sak. Na kawo mata benci, ta ƙi zama.

"Kai ne Malam Garba mai gyaran motar yaron ga?"

Na ce ni ne, Inna.

"An ce min Juma'a za su yi gudu."

Na ce haka ne.

Ta mayar da idonta ƙasa. Ku yaran yanzu ba ku san nauyin wannan kunyar ba, ku da uwayenku ke kiran sunanku a waya suna tambayar ko kun ci abinci. A wurin mutanen da, ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Uwa tana iya kwana ba ta runtsa ba saboda shi, da safe ya gaishe ta ta amsa tana kallon bango. Tsohuwar nan ta yi tafiyar rabin yini a bayan a-kori-kura don maganar da ba za ta iya yi wa ɗanta a tsakar gida ba.

"Bara da gubar dalma ta shiga garinmu," in ji ta, "ɗiyanshi biyu munka rufe, mako ɗaya tsakani. A tsakar gidana anka niƙa dutsen zinariyar da ya kawo gubar. Ni ce nake share ƙurar da hannuna. Babban kaɗai Allah ya bar muna. Malam Garba, zinariyar ga ta ci min jikoki a cikin gida, kada ta ci min shi a kan hanya. Ban san mi kuke yi wa mota ba. Abin da ka sani ka yi."

Na ce, "Inna, ki faɗa masa da bakinki mana, zai ji."

Ta ɗago ta dube ni kamar na zage ta. "In ce mai mi? Haba Malam. Kuma don girman Allah kada shi ji na zo nan. Amana na ba ka."

Ta juya ta fita, ko ruwa ba ta sha ba. Yau da nake faɗa muku ta riga mu gidan gaskiya, amma ba shi ya buɗe bakina ba, sai don sunan da na ba ku ba na ɗanta ba ne.

Aikin da na yi da yammacin ranar bai kai rabin awa ba, shi ne kuma mafi tsada a duk aikin da na taɓa yi. Na sallami kowa daga garejin. Na ɗaga kafet ɗin ƙarƙashin totur, na huda ƙarfen ƙasa, na zura ƙusa mai zare da noti biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Aikin mutum biyu ne, wani ya riƙe na ƙasa wani ya ɗaure na sama, amma ni kaɗai na yi, na maƙale na ƙasan da filaya ina hawa ina sauka rami. Na sa wa kan ƙusar roba don in ƙafa ta taka ta ji kamar ta kai ƙasa, na mayar da kafet. Faɗin yatsa biyu kawai na hana totur ɗin. Washegari na fita na gwada: taku ɗari da arba'in. Na san abin da na yi. Mutum ya ba ni motarsa da yarda, na yi mata abin da bai sa ni ba, na kuma ɓoye masa. Wannan cin amanar mai mota ne, ba na yi masa wani suna. Amana biyu ce ta haɗu a hannuna, kuma dole ɗaya ta faɗi.

Ranar Juma'a bayan la'asar jama'a suka cika bakin titi daga tsamiya har kwalbati, mutanen Anka gefe guda, na Bukkuyum gefe guda. An ce wa matan su kwashe shinkafa, suka janye ta kaɗan suka tsaya a kai, don ba wanda zai bar shanyarsa ga awaki. Ni na je na tsaya kusa da kwanar. Aka saki hula alamar a fara, motoci suka tashi. Tashin farko na Lawali ne, kuloci da taya sun yi abin da na sa su, har ya ba da tazarar mota guda. Mutanen Anka suka ɗauki ihu, na ji ana kiran sunana. Da suka wuce rabi, inda motar ya kamata ta buɗe ta yi numfashinta na ƙarshe, sai ta tsaya a inda noti ya ce. Ta Bukkuyum ta zo ta wuce ta kafin kwalbati.

Ɗan Bukkuyum ya take birki, motarsa ta yi ta kuka, gindinta ya juya, ta bi ta kan gefen shanyar, shinkafa ta tashi sama, mata suka watse da salati. Ta sauka cikin karan dawa ta tsaya. Ya fito yana dariya ya ɗaga hannu biyu, ko ƙwarzane babu, aka ɗauke shi a kafaɗa. Aka ba matan haƙuri, magana ta wuce. Lawali ya tsaya a kan kwalta, a miƙe. Na taka daga hancin motarsa zuwa bakin shanyar, taku goma sha ɗaya. Ba wanda ya ga ina ƙirgawa, ba kuma wanda zai damu da ya gani. Ya fito bai dube ni ba, ya ce, "Ba ta buɗe ba, Baba." Na ce na gani.

Kwana uku aka yi wani bakanike a Anka ya ɗaga kafet ya ga abin da na ɗaure. Lawali ya zo ranar kasuwa, lokacin da garejin nan ke cike da direbobi, ya jefa ƙusar a kan teburina har ta yi tsalle.

"Mi ne ne wanga?"

Na ce noti ne.

"Wa ya sa ka? Mutanen Bukkuyum sunka saye ka?"

"Ba wanda ya saye ni. Ni na ɗaure shi da hannuna."

"Na ce wa ya sa ka!"

"Abin da zan faɗa ke nan."

Sau uku ya tambaya, sau uku na ba shi amsa ɗaya. Ya kira ni maci amana, ya kira ni tsohon banza, a gaban mutanen da suka girme shi suka kuma san ni tun yana rarrafe. Ina da zuciya, ku tambayi kowa a layin nan, na taɓa bin wani direba da jak. Ranar sifana na hannuna, kalma ɗaya kuma na bakina wadda za ta wanke ni tas. Na haɗiye ta, ta yi min ɗaci ƙwarai. Da ya tafi na ɗauki ƙusar na jefa a akwati.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mummunar shekarata. Aka sa min suna Garba Noti. Masu motocin zinariya suka ɗauke ƙafa gaba ɗaya, wannan ban yi mamaki ba. Abin da ya ci min rai direbobin haya ne, mutanen da na yi shekaru ina tashi daga kan abinci don in fitar da su daga daji. In na gama wa mutum aiki, sai ya durƙusa a gabana ya ɗaga kafet ya leƙa, wai wasa yake yi. Daga baya ma suka daina zuwa. Akwai makon da ba abin da ya shigo garejin nan sai kaji. Na ɗaure akwatina a bayan babur na shiga fadama ina gyaran injin ban-ruwa, gwiwa cikin laka, mutumin da ya goge kan inji silinda shida da hannu yana busa kafiretar famfo da baki. Na kai har Nasarawa Burkullu gyaran injin niƙa, a kan hanyar da ke sauke wa mutum ƙugu. Sau ɗaya na ga Inna a kasuwar Anka. Ta kau da kai kamar ba ta san ni ba, sai da ta zo giftawa ta ce a hankali, "Allah shi biya ka," ba ta ko rage tafiya ba.

Kada ku ɗauka zan ce muku daga baya Lawali ya yi haɗari, kowa ya gane gaskiyata. Bai yi ba. Da aka cire notin ya yi tsere har sau huɗu a wurin nan, ya ci uku, ya kan sha kwanar da ƙyar taya na hayaƙi, amma ya sha. Don haka ban san ko notina ya tsare wani abu ba, kwanan mutum ba a hannun bakanike yake ba. Abin da na sani shi ne ɗari biyu ba ta shiga cikin ɗari da hamsin, kuma ranar akwai mace mai goyo a tsaye a kan shanya. Na sha juya maganar nan ina cikin laka, wani lokaci in ga na yi daidai, wani lokaci in ga na zubar da sunana a banza. Daga baya titin ya farfashe, hanya kuma saboda rashin tsaro ta daina zama wurin da mutum zai tara jama'a da yamma, tsere ya mutu da kansa. Aiki ya dawo min sannu a hankali, ta hanyar birki, inda na fara. Sunan dai bai tafi ba, har gobe akwai masu kirana da shi.

Bara bayan damina, da hantsi, wata jar mota mai ƙofa biyu ta shigo garejin nan a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Wanda ya fito ya yi ƙiba, furfura ta fara cin gemunsa, sai da ya yi sallama na gane muryar. Fiye da shekara goma ba mu yi magana ba. Ko da na je ta'aziyyar Inna shekara biyu kafin nan, hannu kawai ya ba ni yana kallon wani wuri. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo irin ta mutanen da ba su san ta inda za su fara ba. Ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya sake tambayar iyali. Sannan ya dafa jar motar.

"Baba Garba, motar yaron ga ce."

Yaron ga. Na ji kalmar har cikin ƙashina. Babban ɗansa yake nufi, wanda dalma ta bari.

"Sun samo wani wuri shi da abokanshi, suna gudu. Na ce mai zan kai ta a canza baƙin mai." Ya shiga murza makulli a hannunsa. "Na je na ga wurin. Na taka shi da ƙafa, yadda na ga kana yi."

"Taku nawa?"

"Ba su isa ba."

Na ce, "To ka hana shi mana, ba ɗanka ba ne?"

"In ce mai mi, Baba? Ka san ɗan fari. Ko ido ba mu cika haɗawa ba." Ya sunkuyar da kai. "Irin abin nan nake so ka sa mata. In ya gano ya zo shina zagi, ka yi haƙuri da shi. Don Allah kada ka ce ni ne."

Na ce, "Ka taɓa jin na faɗa?"

Na ga yana kallona, na ga kuma lokacin da abin ya same shi, don makullin ya daina motsi a hannunsa.

"Baba," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Inna ce?"

Ban ce masa i ba, ban ce a'a ba, amanar ba ta mutu don mai ita ta mutu ba. Na buɗe akwatin nan na tono ƙusar daga ƙasa, ta yi tsatsa kaɗan, robar na nan a kanta. Na wanke ta da kananzir, na sa aka tura motar kan rami, na huda. Na miƙa masa sifana goma sha uku na ce, "Aikin mutum biyu ne. Sauka ka riƙe min na ƙasa."

Ya sauka ramin da farar shaddarsa, bai ko naɗe hannun riga ba. Na ji sifanar ta kama. Na ɗaure na sama, na sa roba, na mayar da kafet, na taka totur da hannu na ji ya tsaya inda nake so. Na ce, "Ya ɗauru, Lawali, fito."

Bai fito ba. Na ƙara faɗa, shiru. Sai na ja benci na zauna a bakin ƙofa, duk wanda ya zo da aiki na ce masa ya dawo bayan azahar.